Baƙin Gashi a Ƙeyar Tsoho

"Ba za ki aure shi ba, Auta. Ki tambaye ni da safe, ki tambaye ni da yamma, amsar ba za ta canza ba."

Mama ta faɗi haka ba tare da ta ɗago kai ba. Ƙafata na kan cinyarta, tana shafa mini mai a tafin, inda fatar ta tsage ta yi ja kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Ni ban tambaye ki ba yau, Mama."

"Idonki ya tambaya. Miƙo ɗayar."

Na miƙa mata. Ba ni da ƙarfin gardama. Tunda na fara shan ƙwayar nan, gajiya ta zama mini kamar rigar da ba a cirewa, da ita nake kwana, da ita nake tashi.

Ciwon a cinyata ya fara, wani ɗan kumburi da ban ɗauke shi a bakin komai ba. Kafin a gane cutar daji ce, har ta haura ta watsu a huhuna. Likita ya ce irinta ba ta da yawa, shi kansa ya jima yana aiki kafin ya ci karo da ita, kuma magungunan da aka saba bayarwa ba su cika taɓa ta ba. Sai dai akwai wani sabo da ake gwadawa, ko suna ba a raɗa masa ba tukuna. Ya ce zai iya yi mini aiki, zai iya ƙi, ba wanda ya sani.

Na ce a ba ni. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Maganin ya mayar da gashina fari fat, har gira da gashin ido. Bakina kullum kamar na tsotsi ƙarfe. Tafin hannuna ya dinga saɓa, ni da na shekara da shekaru ina yi wa mata kitso a shagona, yau ko tsaga ba na iya fitarwa. Dole na bar wa abokiyar aikina shagon.

A layin masu shan maganin na haɗu da shi. Ranar ina zaune a benci, na ja mayafi har kan gira don kada a gani, sai wani dogon saurayi ya zauna a ɗaya gefen. Ya cire hula, kansa fari kamar auduga, ya dube ni ya ce, "Sannu, Tsohuwa. Ya jikoki?"

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Rabona da dariya har na manta.

Na ce, "Suna gaishe ka, Tsoho."

Shi ke nan sunan ya bi mu. Aikinsa koya wa mutane tuƙin mota. Nasa ciwon a kafaɗa ya fara, shi ma ya sauka a huhu. Ranar asibitinmu ɗaya, bencinmu ɗaya. Shi kaɗai ne idan na ce na gaji ba ya ce mini in yi haƙuri, sai ya ce, "Na sani."

Da ya turo yayarsa wurin Mama da maganar aure, Mama ta ba ta ruwa ta sha, ta raka ta har bakin ƙofa, ta dawo ta rufe ɗakinta. Da ta fito ta ce mini, "Ban yi jinyarki don in ɗauke ki in miƙa wa wata jinyar ba."

Yanzu ta gama shafa man, ta sa mini safa, ta goge hannunta a gefen zane.

"Injiniya ne zai kai ki asibiti yau. Na riga na gaya masa."

"Mama!"

"Kada ki kira ni. Mutum ya yi kuskure ya dawo ya ba da haƙuri, me kuma ake so ya yi? Ya yanka kansa?"

Injiniya shi ne wanda aka sa mana rana kafin in kwanta. Da ya ji ciwon ya kai huhu, ya ce a ɗaga bikin sai na ji sauƙi. Daga nan kiran waya ya fara raguwa, kamar famfon da ruwansa ke janyewa, har ya ɗauke gaba ɗaya. Sai da hoton ƙirjina na baya ya nuna ƙurajen da ke huhuna sun ragu, Mama ta bi maƙwabta gida gida tana cewa Auta ta warke, sannan muka ga motarsa a ƙofar gida.

Ga shi kuwa, hon ɗinsa ya tashi a waje.

*

Motar tana ƙamshin turare, ƙamshin ya tsaya mini a maƙoshi. Na sauke gilashi.

"In kunna miki sanyi?"

"A'a, bar shi haka."

Ba mugun mutum ba ne, wannan kam zan faɗa ko a gaban waye. Yana tuƙi a hankali, yana kauce wa ramuka saboda ni. Sai dai idan zai dube ni, idonsa ba ya tsayawa a fuskata. Yana zuwa kan farar girata sai ya zame.

"Na yi magana da su Hajiya," in ji shi. "Sun ce ba komai. Da zarar kin gama shan maganin sai a sake sa rana."

"Ba a gama shi."

"Kamar yaya?"

"Ba irin wanda ake shanyewa a ce an gama ba ne. Sha zan yi ta yi har ranar da ya daina aiki. Kuma muddin ina sha, likita ya ce ba maganar ciki. Na gaya maka wannan a makon jiya."

Ya yi ɗan murmushi, ya girgiza kai. "Likitoci ai ba su ne Allah ba. Ke dai ki daina irin wannan tunanin. Kin warke, kowa ya gani. Gashin ma rina shi za a yi."

Na juya ina kallon titi. Masu shaguna suna ɗaga ƙofofi, wata mata na jan yaranta biyu za su makaranta. Bayani ma ƙarfi yake so.

A bakin asibiti ya ce zai jira ni a mota. Warin asibiti yana sa masa ciwon kai.

*

Tsoho na kan bencinmu, ya ajiye mini wuri da jakarsa. Ya rame fiye da yadda na bar shi, amma da ya hango ni sai ya miƙe, ya dafa ƙugu yana kwaikwayon tafiyar tsofaffi.

"Tsohuwa, kin makara. Ko sandarki ce ta ɓata?"

"Jikanka ne ya ɗauke."

"Na ga motar da ta sauke ki." Ya zauna a hankali. "Mai tuƙin bai iya fakin ba. Ya cinye wurin mota biyu. Da ɗalibina ne sai ya maimaita aji."

"Kishi kake yi?"

"Ni? Tsoho da kishi? Ai sai hawan jini."

Nas ta leƙo ta kira ni ɗibar jini. Kullum shi ke tsayawa a bakin ƙofa yana ba ni labarin ɗalibansa don kada in kalli allurar. Yau labarin wani alhaji ya ba ni, wanda duk sanda aka ce ya taka birki sai ya rufe ido ya kama salati. Nas ma sai da ta dara.

Da na fito na ce, "Kai ba a kira ka ba?"

"An ɗebi nawa tun da sassafe."

Na lura ba auduga a gwiwar hannunsa, amma ban kawo komai a raina ba. Muka koma benci. Fankar saman ta lalace, wurin ya yi zafi. Murfin gorar ruwana ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin bencin, ya sunkuya zai ɗauko mini.

Hularsa ta ɗan zame gaba. Idona ya sauka a ƙeyarsa.

Ni mai kitso ce. Gashi ba ya yi mini ƙarya. Ya aske kansa ƙwal, ya aske gemu, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Amma a bayan kunnensa akwai inda askar ta tsallake. Saman gashin fari ne. Gindinsa baƙi wuluk.

Na ƙura wa wurin ido.

"Tsoho."

"Na'am." Ya ɗago yana miƙo mini murfin.

"Nuna mini hannunka."

"Duba za ki yi mini?"

"Nuna mini."

Ya buɗe tafin a hankali. Fatar ta warke sumul. Ba tsagewa, ba ja. Na buɗe nawa a kusa da nasa.

"Yaushe ka daina sha?"

Ya rufe hannun, ya sa a aljihu.

"Tashi mu fita," in ji shi. "Mutane na kallonmu."

*

Akwai wani lungu a bayan ɗakin ɗaukar hoto, inda ake jingine kujerun guragu da suka lalace. Can muka tsaya. Ɗan tattakin nan kawai, amma sai da ya dafa bango yana mayar da numfashi.

"Ba ni na daina ba," ya ce. "Cire ni aka yi."

"Me ya sa?"

"Hotona na baya. Ƙurajen sun ƙaru, har an ga sabo a hanta. Idan abu ya ci gaba ana kan magani, ka'idarsu ce su tsayar. Ba laifin kowa ba ne."

"Hoton baya? Ranar da aka ce nawa sun ragu?"

Ya gyaɗa kai.

"Ranar da na fito ina tsalle na kama rigarka? Ka ce mini kai ma naka lafiya lau?"

"Kina murna, Tsohuwa. Ban taɓa ganinki haka ba. Da wane bakin zan gaya miki?"

Na zauna a ɗaya daga cikin kujerun nan, tayarta ɗaya a karye, ta karkata da ni.

"To me kake zuwa yi duk ranar asibiti?"

"Wa zai ba ki labari idan za a soka miki allura?"

Nan kukan ya zo. Ba mai ƙara ba, ba ni da ƙarfin mai ƙara. Hawaye ne kawai ke zuba, ina jin gishirinsu na cin ƙurajen bakina.

"Ƙwaya ɗaya muke sha," na ce. "Kwalba iri ɗaya. Tare muka yi fari, tare hannunmu ya saɓe. Ta yaya za ta yi mini ta ƙi ka?"

"Ƙila ta fi son mata."

"Kada ka yi mini wasa!"

Ya jawo wata kujerar ya zauna a gabana.

"To ba wasa. Ji nan. Mamanki ta yi gaskiya."

"Kada ka fara."

"Bari in gama, numfashina ba shi da yawa. Da na turo Yaya, ina ganin tafiyarmu ɗaya. Ko mu haye tare ko mu nutse tare. Yanzu ba haka ba ne. Ke kin samu hanya. Mutumin nan da ke jiranki a waje, yana da lafiya, yana da gida, Mama na son sa."

"Ya gudu ya bar ni."

"Ya dawo."

"Ya dawo wurin wadda ta warke. Ni ban warke ba. Kai ka fi kowa sani."

"Ko ba ki warke ba, kin fi ni nisa." Ya share fuskarsa da hula. "Likita ya ce za su gwada mini tsohon magani, na ƙarin ruwa. Na tambaye shi ko zai yi, sai ya hau gyara takardun gabansa. Na shekara ina koya wa mutane tuƙi, na san fuskar wanda ya ga rami ba ya son faɗa. Ba na so ki zama matar da za ta dinga wanke ni, alhali ke ma ƙafarki ba ta taka ƙasa sai da mai."

"Ni ka tambaye ni abin da nake so?"

"Na san abin da za ki ce."

"To in haka ne ni ma na daina sha. Mu koma daidai."

Ban taɓa ganin ɓacin ransa ba sai ranar. Ya miƙe tsaye da sauri har tari ya sarƙe shi. Ya daɗe yana yi, ya juya mini baya. Da ya lafa ya juyo, idonsa jawur.

"Abin da na ji tsoro ke nan. Shi ya sa na ɓoye. Wallahi idan kika tsallake ko ƙwaya ɗaya saboda ni, ban yafe ba. Kin san abin da zan bayar a mayar da ni kan maganin nan? Har ƙaiƙayin tafin hannun nake kewa."

Na sunkuyar da kai.

"Rantse," ya ce.

"Na rantse."

Daga nesa muka ji nas na kiran lambata.

"Je ki," in ji shi. "Ni zan wuce gida. Ba zan ƙara zuwa ba, Tsohuwa. Ki koyi kallon bango idan za a soka."

Ya sa hularsa, ya bi ta ƙofar baya. Ban bi shi ba. Ko na so, ƙafata ba za ta cim masa ba.

*

Likita ya juyo mini da allon kwamfutarsa, yana nuna mini wasu fararen ɗigo da bakin biro.

"Wannan ya ƙara raguwa. Wannan yana nan yadda yake. Ba sabo. Jininki ma ba laifi. Za mu ci gaba."

"Na gode."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Yau ba murna?"

"Me ya sa yake yi wa wani ya ƙi wani?"

Ya ajiye biron. Ya gane wanda nake nufi, amma bai kama suna ba.

"Da mun sani, da ba a kira shi gwaji ba," ya ce. "Abin da muke nema ke nan. Kullum ina tambayar kaina."

"Ni kuma har yaushe zai yi mini?"

"Ban sani ba. Akwai wanda ya daɗe a kai, akwai wanda bai daɗe ba. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba."

Na karɓi sabuwar kwalbata a taga, na jefa a jaka.

Injiniya ya kwantar da kujera yana sauraron rediyo. Da na shiga ya tashi zaune. "Yaya? An ce me?"

"An ce ya ragu."

"Alhamdulillahi! Ba na gaya miki ba?"

"Dubi fuskata," na ce.

Ya duba, idonsa ya zame.

"A'a. Dube ni sosai."

Na ja mayafin baya kaɗan, farin gashin ya fito. Na buɗe masa tafin hannuna a kan cinyata.

"Haka zan zauna. Ba rini, ba haihuwa, ba ranar gamawa. Wata rana za a ɗauki hoto a ce ya dawo. Ranar za ka shigo ciki, ko a mota za ka jira?"

Hannunsa na kan sitiyari, ya ƙura wa gilashin gaba ido.

"Ina son ki," ya ce a hankali. "Allah ya sani. Amma asibiti... mahaifina a hannuna ya cika a irin wurin nan. Ba na iyawa."

"Na sani. Ban riƙe ka ba. Kai ni gida kawai."

Ya tayar da mota, ya kai ni har ƙofar gida. Da zan sauka ya ce in gaishe da Mama. Bai ce sai ya dawo ba.

*

Mama na falo tana ninke wanki. Ta leƙa bayana.

"Ina yake? Bai shigo ba?"

"Ba zai ƙara shigowa ba."

Rigar da ke hannunta ta faɗi. "Me kika gaya masa?"

"Gaskiya."

"Auta, so kike ki kashe ni? Allah ya ba ki lafiya, ya dawo miki da mijinki har gida, ki sa ƙafa ki shure saboda wancan..."

"An cire shi daga maganin, Mama. Ciwonsa ya ƙaru."

Ta zuba mini ido. Sannan ta tafa hannu. "To kin gani! Me na ce? Me na ce miki?"

"Shi ma abin da ya ce ke nan. Ya ce kin yi gaskiya. Ya ce in auri Injiniya."

"Ashe yana da hankali."

Na zauna a ƙasa a gabanta, na jingina da kujera. Na cire safar, don ƙafar na yi mini zugi.

"Mama, ban warke ba."

"Rufe mini baki."

"Kin gaya wa kowa na warke. Kin gaya wa Yaya a waya, kin gaya wa mai shagon bakin titi. Ni kuma na ƙyale ki, don na ga kin fara cin abinci. Amma kina wurin ranar da likita ya yi bayani. Kin ji abin da ya ce. Danne shi maganin yake yi, ba kashe shi ba."

"Na ce ki rufe mini baki!"

"Abin da ya same shi yau, ni ma yana jirana. Ko bana, ko baɗi, ko bayan shekaru. Idan ranar ta zo, ina so a ce na zauna da wanda ba sai na yi masa ƙaryar ina jin daɗi ba. Ko wata ɗaya ne. Na gaji da yi wa mutane murmushi, Mama. Har ke."

Ban taɓa gaya mata magana irin wannan ba. Na zaci za ta mare ni. Sai ta tsaya tana kallona. Ta sunkuya ta ɗauki rigar da ta faɗi, ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa.

Can ta shiga ɗaki. Ta fito da mayafinta a kafaɗa.

"Mayar da safarki. Kin san gidansu?"

"Me za ki je yi?"

"Zan je in ji daga bakinsa. Ya faɗa a gabana, a gabanki, a gaban 'yar'uwarsa, cewa ya fita hanyarki. Daga nan a binne maganar."

*

A bene suke, hawa na biyu. Yayarsa ce ta buɗe. Da ta ga Mama fuskarta ta canza, amma ta ce mu shigo.

Yana kwance a doguwar kujera, ya yi rigingine, numfashinsa na fita da ƙyar. Fitar da ya yi da safe ta karɓe masa duk ƙarfinsa. Ya yunƙura zai tashi ya gaishe ta.

"Kwanta," in ji Mama.

Ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ta riƙe jakarta da hannu biyu. Na san ta shirya maganarta tun a tasi. Amma idonta na kan yadda yake kwance.

"Wa ya ce ki kwantar da shi a miƙe haka?" ta ce wa yayar. "Mai ciwon ƙirji? Kawo matasai. Ba wannan ba, mai tauri. Ɗago shi."

Kafin kowa ya ce wani abu ta ajiye jakar, ta tura matashi biyu a bayansa, ta sa ɗaya a ƙarƙashin hannun da ke masa ciwo. Numfashinsa ya ɗan daidaita.

"Na gode, Mama."

"Ba godiya ta kawo ni ba." Ta zauna a bakin kujerar da ke kallonsa. "Zuwa na yi in ce ka rabu da 'yata."

"Na rabu da ita. Na gaya mata ɗazu."

"Haka kawai?"

"Kin fi ni gaskiya. Ba ni da abin da zan ba ta."

Mama ta dube shi, ta dube ni a inda na rakuɓe a bakin ƙofa. Ban san me ta gani a fuskata ba.

"Na taho da shirin faɗa," ta ce. "Tun daga gida nake tara magana. Ka hana ni ko ɗaya." Muryarta ta fara hawa. "Wato kai ma gudu za ka yi? Wancan ya gudu don ciwonta, kai za ka gudu don naka. Ita kuma fa? Kowa ya ajiye ta ya ce don alherinta ne?"

"Mama, ba gudu..."

"Yi mini shiru. Tambaya ɗaya zan yi maka. Kana son ta ko ba ka so?"

Ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefen, ya shige kunnensa.

"Ina son ta. Tsoro nake ji in bar ta a hanya."

"Ubanta lafiyarsa ƙalau ya fita aiki, bai dawo ba. Ba wanda ya ba ni takardar gargaɗi." Ta miƙe, ta ɗauki jakarta. "Ban ce ina murna ba. Kada wanda ya ce na ce ina murna."

Ta juya wurin yayarsa, wadda ta toshe baki da gefen mayafi.

"Kuna da manya?"

"Akwai kawunmu."

"Ki ce ya zo ya same ni. Kada ya ja lokaci. Kuma kada ya zo da safe, da safe Auta amai take yi."

Ta fice ba sallama.

Tsoho ya buɗe ido ya dube ni. Ya motsa baki, na san wasa yake nema, amma bai samu ba. Ni ma ban samu ba. Na ɗaga masa hannu kawai na bi bayanta.

A kan matakala na same ta, tsakanin hawa na biyu da na ɗaya. Ta zauna a kan siminti, ta cusa fuska a mayafi, kafaɗunta na girgiza. Tunda na kwanta ciwo ban taɓa ganin kukanta ba. A banɗaki take yi, ta buɗe famfo.

Na zauna kusa da ita.

"Na gaji, Auta," ta ce.

"Na sani, Mama."

Ta jawo kaina ta ɗora a kafaɗarta. Wani mutum ya hauro da buhu a ka, ya tsaya yana jiran mu ba shi hanya. Mama ta matsa kaɗan, ya raɓa ta gefe ya wuce. Mu kuwa ba mu tashi ba.